Yadda ake gane ciwon diskin kwamfuta, a ceci abin da ke cikinsa, sannan a sa sabo

Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake kawo mini gyara a nan Damagaram na hannu ne, waɗanda suka yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su iso gare mu ta Kano ko ta Yamai. Idan sun iso kuma sai su tarar da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da girgizar kabu-kabu, da ɗaukewar wuta alhali batir ya daɗe da mutuwa. Abin da ya fi jin jiki a cikin wannan duka shi ne diski, wato ma'ajiyar da Windows da takardu da hotuna suke zaune a ciki, wanda masu bin bakin Faransanci ke kira diski dur. Kafin a taɓa turnabis, wato abin kwance sukuru, ina so a riƙe abu guda, domin a kansa ne sauran bayanin ya rataya: diski ana sayen wani a kasuwa, amma abin da ke cikinsa ba a sayar da shi ko'ina, saboda haka duk matakin da za a ɗauka sai an fara auna ko zai iya taɓa fayiloli.

Fara da sanin irin diskin da ke cikin na'urarka

Tsohon iri shi ne diski mai faifai, mai girman inci 2.5, wanda a cikinsa akwai faifai da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai karatu da ke shawagi a samansa ba tare da ya taɓa shi ba. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shi ya sa idan aka buga kwamfuta tana kunne, ko aka sa ta a jaka ba a kashe ba aka hau moto, hannun yakan karce faifan, kuma wurin da ya karce ya tafi ke nan. Sabon iri shi ne SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa. SSD yana haɗuwa da na'ura ta ɗaya daga hanyoyi biyu, SATA ko NVMe. Diski mai faifai yakan karanta abin da bai wuce megabait 100 da ɗoriya ba a daƙiƙa, SSD mai bakin SATA yana kaiwa kusan 550, mai amfani da NVMe kuwa yana haura 3000 a injunan da suka dace da shi.

SSD ɗin ma ba siffa ɗaya ba ce, kuma a nan ne kuɗi kan salwanta. Akwai mai inci 2.5 da ke shiga gurbin tsohon diski daidai wa daida. Akwai M.2, ɗan siriri kamar sandar cingam, wanda lambarsa ke faɗin girmansa: 2280 na nufin faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80, akwai kuma gajeru 2242 da 2230. A cikin M.2 akwai mai magana da harshen SATA, wanda galibi yake da giɓi biyu a bakinsa, da mai magana da NVMe, wanda galibi giɓinsa ɗaya ne. Akwai mSATA a wasu tsofaffin injuna, wanda ya yi kama da M.2 amma ba ya shiga gurbinsa. A ƙarshe akwai ƙananan kwamfutoci masu arha da aka liƙa musu ma'ajiya mai suna eMMC a jikin babban katin na'ura, haka ma sababbin MacBook, waɗannan ba a canza musu diski sam.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren. Na aika aka sayo mini M.2 daga Kano don wata tsohuwar na'ura, ban tsaya na duba littafinta ba, aka kawo mai bakin SATA, ya shiga gurbin lafiya lau har na ɗaure shi, amma na'urar ta ƙi ganinsa domin gurbin nata NVMe kaɗai yake ji. Shigar diski cikin gurbi ba ta nuna cewa zai yi aiki. Hanyar tsira ita ce a juya kwamfutar a karanta cikakkiyar lambar samfurinta a ƙasa, a nemi littafin gyaranta a intanet, domin HP da Dell da Lenovo duk suna sakin irin waɗannan littattafai kyauta, har da hotunan kowane sukuru.

Tabbatar da cewa diskin ne ke ciwo

Ba kowace nawa ce laifin diski ba. Kwamfuta mai ƙarancin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki a kai, ko wadda ƙura ta toshe wa fanka har take dafuwa, ita ma tana tafiyar hawainiya. Alamun da ke nuna diski su ne waɗannan: na'ura ta sandare na ɗan lokaci idan aka buɗe wani fayil na musamman, kwafi ya tsaya cak a wuri guda kullum, Windows ta riƙa cewa tana gyaran diski duk lokacin da aka kunna, ko a ji wani ƙas-ƙas a ciki mai maimaita kansa kamar agogon bango. Idan aka buɗe Task Manager, wanda a Windows ta Faransanci ake kira Gestionnaire des tâches, aka ga diski ya tsaya a kashi 100 alhali ba a yin komai, wannan ma abin lura ne, ko da yake shi kaɗai bai isa hujja ba.

Idan Windows na tashi, a sauke CrystalDiskInfo, manhaja ce ta kyauta da ke karanta rahoton da diski yake rubutawa game da lafiyar kansa, wanda ake kira SMART. Shuɗi lafiya ne, rawaya gargaɗi, ja kuwa ajali ya kusa. Kada a tsaya ga launi kawai, a duba layuka uku: mai lamba 05, wanda ke ƙirga gurabun da suka lalace har diski ya musanya su, da C5, gurabun da yake shakkar su, da C6, waɗanda ya kasa karantawa. A lafiyayyen diski duka ukun sifili ne a ginshiƙin ƙarshe, mai suna Raw Values. Idan akwai adadi a ciki, kuma ya ƙaru bayan kwana biyu, to diskin yana kan hanyarsa, ko da yana aiki kamar ba komai. Layi mai lamba 09 kuma yana faɗin awannin da diski ya yi a kunne tun da aka ƙera shi, zan dawo kansa a wurin saye.

Idan Windows ba ta tashi, allo ya nuna «No bootable device», ko a HP «Boot Device Not Found» tare da lambar 3F0, ko a ThinkPad kuskure mai lamba 2100, sai a shiga BIOS, wato allon saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta tashi, a ga ko na'urar tana ganin diskin. A HP ana danna Esc da zarar an kunna, sannan F10 don BIOS ko F2 don gwaji. A Dell F2 ne BIOS, F12 kuma yana kai ga jerin da gwajin yake ciki, inda lambar 2000-0142 ke nufin diski ya faɗi gwaji. A ThinkPad F1 ne. Idan sunan diski ya fito kuma ya ci gwaji, wataƙila Windows ce ta lalace ko jerin tashi, wato tsarin inda na'ura ke fara neman Windows, ya rikice. Idan bai fito ba, kafin a yanke masa hukunci a kwance a cire shi a sake zaunar da shi, domin sau da yawa girgizar hanya ce kawai ta sassauta shi daga bakinsa, kuma na sha mayar wa mutane na'urarsu a kan wannan ba tare da sun sayi komai ba.

Ceto kafin gyara

Wata ɗaliba ta zo mini da na'urarta ana saura kwanaki ta miƙa kundin kammala karatunta. Ta ajiye ta a kan teburi ta ce: «Malam, tun shekaranjiya take wannan ƙarar, wani ya ce a yi mata fomat za ta warware.» Na kara kunne na ji ƙas-ƙas ɗin nan, na ce mata: «Ƙanwata, kina da kwafin aikin a wani wuri?» Ta ce wanda ke cikin kile ɗinta, wato ɗan filashin USB, na wata biyu baya ne. Na kashe na'urar nan take, na ciro diskin, na jona shi ga tawa ta ɗan akwatin USB, ban taɓa hotuna ko waƙoƙi ba, kundin kaɗai na nufa. Ya kwafu a karo na uku, diskin kuma bai ƙara tashi ba bayan wannan yammacin. Da an yi fomat ɗin da aka ba ta shawara, ko da an bar na'urar a kunne dare ɗaya tana fama, da sai dai a ce Allah ya mayar da alheri.

Daga wannan a ɗauki tsari. Diski mai ciwo kowane minti da ya yi a kunne yana ragewa daga abin da ya saura masa, saboda haka a fara kwafe abin da ba shi da madadi, ƙanana kafin manya, takardu kafin bidiyo. Kada a sa masa chkdsk da nufin gyara kafin a kwafe, domin wannan aikin yana tilasta masa karanta kowane lungu na tsawon awanni, abin da kan ƙarasa mai rauni. Kada a sa shi a firiji kamar yadda wasu ke faɗa, raɓar da za ta taru a cikinsa ɓarna ce. Kada kuma a buɗe murfin diskin kansa, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa, mu kuwa ƙura ba ta yi mana ƙaranci. Wanda ya saba da Linux yana iya amfani da ddrescue, wadda ke ɗaukar wuraren lafiya da farko ta bar masu wuya sai daga baya. Idan kuwa gogewa aka yi bisa kuskure, Recuva ko PhotoRec kan dawo da fayiloli a diski mai faifai muddin ba a rubuta wani abu a kansu ba, kuma abin da aka dawo da shi a wani diski dabam ake ajiye shi. A SSD fatan ya yi kaɗan, domin tsarin TRIM yana share gurbin abin da aka goge ba da jimawa ba.

Akwai wani tarko da ke kama mutane a injunan zamani, shi ne BitLocker. Wasu na'urori suna kulle diskinsu da kansu idan aka shiga da asusun Microsoft, mai su bai ma sani ba. Idan aka ciro irin wannan diski aka jona a wata kwamfuta, za ta nemi mabuɗi mai lambobi 48, kuma ba mai gyaran da zai iya tsallake shi. Mabuɗin yana cikin asusun Microsoft na mai na'urar, a nemo shi a rubuta a takarda tun na'urar tana tashi.

Saye

Shawarata ita ce duk wanda zai canza diski ya sa SSD, ko da zai rage girma. Gigabait 256 sun ishi mai rubutu da intanet, 512 sun fi sakewa, wanda ya tara fina-finai kuwa ya ajiye su a diskin waje. A lura da kauri: diski mai inci 2.5 yana zuwa da milimita 7 ko 9.5, siriri yana shiga gurbin mai kauri, amma mai kauri ba ya shiga gurbin siriri. Na'urar da ke da gurbin faifan DVD tana iya ɗaukar diski biyu, idan aka cire mai karanta DVD aka sa wani ɗan akwati a madadinsa, shi ma kaurinsa 9.5 ne ko 12.7, sai an auna.

A nemi mai sayarwa ya yarda a gwada a gabansa. A jona diskin a buɗe CrystalDiskInfo, idan an ce sabo ne amma awanninsa sun kai dubbai, ciniki ya canza. Akwai kuma jabu da aka rubuta musu girman da ba su da shi, waɗanda ke karɓar fayil su lalata shi a ɓoye. Manhajar H2testw tana cika diski da bayanai ta sake karanta su, ita ce ke tona asirinsu, ko da yake tana cin lokaci. Sai dai kada a zargi ɗan kasuwa idan diskin 256 ya nuna 238, ko na 500 ya nuna 465, ko na terabait ɗaya ya nuna 931. Masu ƙerawa suna ƙirge da 1000, Windows tana ƙirge da 1024, ba wanda ya ci komai.

Kwancewa da sakawa

Ana bukatar ƙaramin turnabis mai kan gicciye, PH0 ko PH00, da wani tsohon kati na roba don ɓamɓare murfi, da farar takarda da za a jera sukurori a kai, waɗanda mu nan muke kira bis, yadda suke a jikin na'ura, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo idan ya shiga ramin gajere yakan huda abin da ke sama. A yi aikin a kan teburin katako, a ɗakin da iska ba ta kwaso ƙura. A kashe na'urar kashewa ta gaske, ba rufe murfi ba, a zare caja, a cire batir idan mai cirewa ne, sannan a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma sha biyar don ragowar wuta ta fita. Idan batirin na ciki ne, abu na farko bayan buɗe murfi shi ne zare wayarsa daga babban kati. A lokacin hunturu, da iska ta bushe har hannu ke tartsatsi idan an taɓa ƙofar mota, a taɓa ƙarfe kafin a taɓa cikin na'ura, a kuma riƙe diski ta gefensa, ban da bakinsa na zinariya.

Tsofaffin injuna suna da ɗan murfi na diski shi kaɗai, sukuru ɗaya ko biyu. Sababbi sai an cire duk murfin ƙasa, kuma wasu sukurorin suna ɓoye a ƙarƙashin robobin ƙafa. Idan murfi ya ƙi tashi, akwai sukurun da aka manta, ƙarfi ba nasa ba ne. Diski mai inci 2.5 yakan zauna cikin wani ɗan ƙarfe ko roba, a zame shi baya ya rabu da bakinsa, a mayar da ƙarfen jikin sabon a fuskar da yake a tsohon. Wasu injuna suna haɗa diski da wata siririyar waya mai kama da zirin leda, wadda ke da ɗan makulli da ake ɗagawa da farce kafin a zare. Wannan wayar tana yagewa da sauƙi, samun irinta kuma a nan garin sai an sha yawo. M.2 sukuru ɗaya ne ke riƙe shi, idan aka kwance sai ya ɗaga kansa, a zare shi a karkace, sabon ma a karkace yake shiga, kamar digiri 30, sannan a kwantar da shi a ɗaure ba tare da matsewa da yawa ba. Tunda na'urar a buɗe take, a riƙe fanka da yatsa a hure ƙurarta. Kafin a mayar da dukan sukurori a kunna a duba BIOS ya ga sabon diskin.

Mayar da Windows

Hanya biyu ce. Idan tsohon diski lafiyarsa ƙalau, sauri kawai ake nema, ana iya kwafe shi ɗungurungum zuwa sabon kafin a kwance, ta akwatin USB, da Clonezilla ko manhajar da kamfanin diskin ya bayar, kamar Data Migration ta Samsung. Sharaɗi shi ne abin da ke cikin tsohon kada ya fi girman sabon, Clonezilla ma a tsarinta na asali tana so sabon diskin kansa ya kai girman tsohon, kuma a duba sau biyu wane ne tushe wane ne mai karɓa, domin idan aka juya su, fanko ne zai hau kan mai kaya. A tabbatar batir yana riƙe wuta, ko a jira lokacin da wutar gari ta zauna, kada aikin ya yanke a tsakiya.

Idan diskin mai ciwo ne, ko Windows ɗin ta cika da tarkace, gara a sa sabuwa. Ana bukatar kile na gigabait 8 ko fiye, a shirya shi da kayan aikin Microsoft ko da Rufus, a sani kuma duk abin da ke cikinsa zai goge. A tayar da na'ura daga kilen, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, a zaɓi wurin da ba a raba ba, Windows za ta raba shi da kanta. Lasisin da ya zo da na'ura yana ɗaure da babban katinta, don haka yakan dawo da kansa da zarar an hau intanet, muddin iri ɗaya aka sa, Home a kan Home, Pro a kan Pro. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wato wani sashen tsaro na na'ura, da UEFI, wato sabon salon BIOS, idan kuma ƙwaƙwalwar na'urar ta Intel ce, ta zama ta ƙarni na 8 ko sama, saboda haka mai tsohuwar na'ura ya san wannan kafin ya zaɓa.

Idan sabon ya ƙi

Idan BIOS yana ganin diski amma mai saka Windows ba ya ganinsa, musamman a injunan Intel na ƙarni na 11 zuwa sama, laifin tsarin Intel na sarrafa diski ne, mai suna VMD ko RST. A kashe shi a BIOS ko a mayar da shi AHCI, ko a sa direban Intel RST a kilen a loda shi a wurin. Idan an kwafe amma ya ƙi tashi, a duba ko tsarin rabon diski ya dace da tsarin tashi na BIOS: rabon GPT da tashin UEFI suke tafiya, rabon MBR da tashin Legacy. Idan an ƙara diski na biyu bai fito a cikin Windows ba, ba lalacewa ya yi ba, a danna maɓallin Windows da R a rubuta diskmgmt.msc, a shirya shi a ba shi harafi. A nan ne kuma ake faɗaɗa C, rabon da Windows take kai, idan kwafi ya bar wani fili ba a amfani da shi. SSD ba ya bukatar tattara gutsattsarin fayiloli irin na da, Windows ta san abin da za ta yi masa, sai dai a bar masa ɗan sarari kada a cika shi maƙil, a kuma daina ɗora na'ura a kan katifa, domin yawancin SSD an ƙera su ne su yi aiki ƙasa da digiri 70, kuma da rana tsaka a watan Mayu ba wuya a kusanci wannan.

Tsohon diskin kada a yi saurin rabuwa da shi. A ajiye shi mako biyu ko uku yadda yake, domin sai an fara aiki ake tuna wani fayil da aka manta a Desktop ko a Downloads. Bayan nan, idan SMART ɗinsa shuɗi ne, a sa shi cikin akwatin USB ya zama wurin ajiye kwafi na biyu. Idan za a sayar ko a ba wani, fomat mai sauri bai isa ba, domin PhotoRec ɗin da ke ceton fayilolinka ita ce za ta nuna wa mai saye hotunan iyalinka. A buɗe diskpart, manhajar Windows da ake rubuta wa umarni, a rubuta list disk, a gane lambar diskin ta girmansa, a zaɓe shi da select disk da lambar, a sake dubawa cewa ba diskin da Windows take kai ba ne, sannan a rubuta clean all, wanda zai rubuta sifili a ko'ina, kuma yana iya cin awanni. Wanda ya mutu har ba ya amsa wannan umarni, a huda shi da ƙusa ta kan faifan wuri biyu ko uku kafin a ba masu sayen ƙarafa.